Bashin Tsutsar Ya Mairam

Ni Barira ban taɓa kwana da abin wani a wuyana ba in dai ina da halin sauke shi. Wadda ta zo mini barka na je mata. Wadda ta taya ni sussuka na taya ta. Wadda ta aiko mini da tuwo, akushinta bai taɓa komawa wayam ba. Wadda kuma ta ƙi zuwa gaisuwar rasuwar maigidana, ita ma tana nan ajiye a raina, ba sai na kama suna ba, ta san kanta. Abu guda ne ya rage mini a duniyar nan ban biya ba, shi ne na Ya Mairam.

Ya Mairam Babarbariya ce, katanga ɗaya ta raba mu a nan Haɗeja lokacin da aka kawo ni gidan miji. Ita ta koya mini zaren tsamiya. Yaran yanzu sun san rigar tsamiya in sun gan ta a jikin attajiri ranar Juma'a, amma tambaye su inda zaren yake fitowa ka sha kallo. Tsutsa ce take yin sa. Da damina tana sama tana cin ganyen tsamiya. In ruwa ya fara ɗaukewa sai ta gangaro jikin itacen, ta taru wuri guda, ta saƙa wa kanta gida kamar jakar fata, ta shige ta rufe. Wannan gidan muke yankowa mu dafa da ruwan toka, mu wanke, mu shanya, mu yi kaɗi da mazari, masu ɗinkin riga su zo har ƙofar gida suna sallama. Amma ba duka ake yankewa ba. Mafi nauyi ana barin sa a jikin itace, shi ne iri. Damina na dawowa sai wasu ƙwari masu fiffike su fito daga ciki su yi ƙwai a ganye, abin ya sake zagayowa.

Irin farko da aka rataya a tsamiyoyin gonarmu ta bakin kogi, Ya Mairam ce ta ɗauko shi daga garinsu can gabas, ƙunshe a gefen zane. Ranar da ta ba ni na ce, me zan biya?

Ta ce, "Wannan ba a kasuwa ake biyan sa ba, Barira. 'Ya'yana duk maza ne. In Allah ya ba ni jika mace, ki koya mata, sannan ki sa mata iri mai rai a hannu. Ranar da kika yi haka, kin fita bashina."

Na ce na ɗauka. Ta rasu ba ta ga jikar ba.

Jikar ita ce 'Yar'azumi. Tun tana talla nake bin ta. Ta yi aure ina bin ta, ta haihu ina bin ta. Mijinta tela ne, yana da keken ɗinki a bakin kasuwa, ita kuwa ta ɗauki kanta matar mai inji. In na yi mata magana sai ta ce, "Kaka, zare fa yana nan a kanti a naɗe, ja da kore da ruwan ƙwai, ba ƙaiƙayi ba hayaƙi. Ina ni ina dafa gidan tsutsa?" A shekarar da nake ba da labari na gaji, na je gidanta tun hantsi na shimfiɗa tabarmata a tsakar gida. Ta kawo fura na ƙi, ta kawo tuwo na kau da kai. Da la'asar ta yi, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, mijin ya ce mata don girman Allah ta amsa kafin a ce sun kashe tsohuwa da yunwa. Ta amsa. Na sha furar, na kuma aika mata da ƙwaryar cike da ɗanyar shinkafa washegari.

To, sai Sa'idu.

Sa'idu jikana ne, ɗan Buba ɗana. Uban ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Nguru, can yaron ya tashi, bai san gona ba sai in sun zo salla. A shekarar nan Turawa suka tashi yaƙi da ƙudan tsando, wai shi ke kashe shanu da sammore, yana sa wa mutane ciwon barci. Suka kafa sansani a bayan gari suna ɗaukar samari. Aka ɗauki Sa'idu, aka ba shi gajeren wando na kaki da wata tukunyar ƙarfe da ake goyawa a baya kamar jariri, da hannu a gefe ana bugawa, magani yana fita ta bakin sanda kamar yayyafi. Ranar da ya fara shigo mini da ita na ce, "Maigida, wa ka haifa ba a gaya mini ba? Goyo ba zane?"

Ya ce, "Amarya, wannan goyon ya fi ki amfani. Ke sauro kike kora da mafici, shi kashewa yake."

Na ce, "To ka ajiye shi a zaure, warinsa na hawa mini kai."

Yaro ne mai jin ƙai, ba zan ci amanarsa ba. Shi ke cika mini randa, shi ya gyara mini rufin ɗaki. Abin da ya gani ya lalace sai ya gyara, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Halin nan nasa shi ya kashe ni.

Ruwa ya fara ɗaukewa, na je gona na ga tsutsa ta fara gangarowa. Ban taɓa ganin ta yi yawa irin na shekarar ba, jikin itace kamar an shimfiɗa masa tabarma mai motsi. Na ce alhamdulillahi. Na so in kai 'Yar'azumi a ranar, sai ga aike daga Kafin Hausa, yayar wata ƙawata ta rasu. Ƙawar tawa ta tako har Haɗeja lokacin rasuwar maigidana, ba yadda za a yi in zauna. Na tafi na yi 'yan kwanakina na dawo. Da sassafe na biya na ɗauki 'Yar'azumi da goyonta, muka shiga kwalekwale don fadama a cike take, shinkafa ta kai ƙirji.

Tun ba mu sauka ba na ji wari. Wani wari kamar na kananzir, amma da ɗaci a maƙogwaro.

'Yar'azumi ta toshe hanci ta ce, "Kaka, haka tsutsar taku take wari?"

Ni kuwa na san warin, a zaurena na san shi.

Muna hawa tudu na hango shi a gindin babbar tsamiya, goyonsa a baya, yana buga hannun nan yana 'yar waƙarsa. Ya juyo ya gan mu, haƙoransa duk a waje.

"Amarya! Kin dawo? Zo ki ga aiki. Da ban leƙo gonar nan jiya ba, wallahi da kin tarar da itatuwanki tsirara. Tsutsa ce ta far musu, tana cinye ganyen kaf. Na roƙi heluma, shugaban aikinmu, ya ba ni ragowar magani, tun asuba nake nan. Wannan ce ta ƙarshe."

Na dubi ƙasa.

Ƙasar ba ta ganuwa. Daga gindin itacen har inda inuwarsa ta ƙare, su ne zube, sun naɗe kamar zobba. Waɗansu na ɗan motsi, waɗansu na faɗowa daga sama ɗaya-ɗaya, taf, taf, kamar farkon ruwa. A jikin itacen ga inda suka fara saƙa, farin abu shara-shara kamar yanar gizo, sun fara ba su gama ba. Na duba itace na gaba, haka. Na can, haka.

Ban san na zauna ba, sai ji na yi zanena ya jiƙe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya ce, "Kaka, lafiya? Warin ne? Matsa baya, yanzu zai wuce."

Na ce, "Sa'idu."

"Na'am."

"Duka ka yi?"

"Duka! Ko ɗaya ban bari ba. Har ƙaramar can ta bakin ruwa na shiga da wandona."

Ku gane mini, a wannan lokaci na shekara babu tsutsa ko ɗaya da ke rufe a cikin gidanta. Tsohon iri ya riga ya fashe tun farkon damina, sabo ba a saƙa ba. Duk abin da Ya Mairam ta ɗauko daga gabas, da 'ya'yansa da jikokinsa na shekara da shekaru, duk yana waje a jikin itace. Ga shi nan a ƙasa ina zaune a kansa.

Na ce, "Rigar da ubanka ya sa ranar sunanka, mai aiki a ƙirji, ka san ta?"

Ya ce, "Ta tsamiya? Na sani mana, tana cikin adakarsa."

"Wa ya yi zaren?"

"Ke kika yi."

"Da me?"

Ya ɗaga kai ya dubi itacen. Ya ce, "Ba a jikinsa yake fitowa ba? Kamar audugar rimi?"

'Yar'azumi ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Sa'idu, su ne fa! Su ne masu zaren!"

Na ga bakin yaron ya buɗe bai rufu ba. Ya dubi ƙasa, ya ɗaga ƙafa guda, ya rasa inda zai sauke ta. Sandar ta faɗi daga hannunsa tana ci gaba da tsiyaya. Ya ce, "A'a. A'a, Kaka. Tsutsa fa. A sansani an ce mana duk ƙwaron da ke jikin itace..." Sai ya durƙusa ya fara kwasar su da hannu biyu yana mayarwa jikin itacen, suna zubowa, yana sake kwasa. Ƙato da shi, da gemu ya fara fitowa.

Na ce, "Bari, gawa ba ta hawa bishiya."

Ban yi kuka ba. Abin ya wuce kuka. Tunanin da nake yi guda ɗaya ne: ga jikar Ya Mairam a tsaye a gabana, da ƙafarta ta zo, abin da na yi shekaru ina nema, ni kuma hannuna babu komai.

Sai ta tsuguna kusa da ni ta kama hannuna. Yarinyar nan tausayi ta ji, na sani. Ta ce, "Kaka, kada ki sa wa ranki damuwa. Ai domina ake bin ki abin ko? To na yafe. Duniya da lahira na yafe miki. Tashi mu tafi gida."

Wallahi feshin Sa'idu bai girgiza ni kamar wannan magana ba. Na fizge hannuna na dube ta sama da ƙasa.

"Kin me?"

"Na yafe."

"Ke kika ba ni?"

"A'a, amma..."

"Kina nan lokacin da aka ba ni? Ubanki ma bai yi kaciya ba. Mai kaya tana kabari, ta faɗi yadda za a biya ta, ke 'yar aike ce kawai da za a danƙa wa. Ina kika taɓa jin ɗan aike ya yafe bashi? Abin da ba ki san darajarsa ba shi za ki yafe? Yafe wa mijinki zaren kantinsa!"

Goyonta ya fara kuka.

Na juya kan Sa'idu na ce, "Kai kuma tashi, daina shafa mini dafi a itace. Zan aika gabas, ko Miga, ko duk inda tsamiya take a bakin kogin nan. Wani wuri ba za a rasa iri ba."

Ya ɗago idonsa jajur. Ya ce, "Kaka, akwai magana."

"Wace kuma?"

"Wannan da muke yi yanzu koyo ne. Aikin gaske sai ruwa ya janye. Za mu bi kogin ne gaba ɗaya, gaɓa biyu, daga nan har gaban Miga, wasu kuma su yi gabas. Duk itacen da ke da inuwa a bakin ruwa sai an feshe jikinsa daga ƙasa har inda sanda ta kai. Can ƙudan ke hutawa."

Can kuma tsutsa ke rataye gidanta.

Na ce, "Duk kogin?"

"Duk."

"Wa ya ba su izini?"

Na zauna ina kallon ruwa. Ni dai na ga fari sun cinye gari, na ga shekarar da kogi ya shigo har kasuwa, amma ban taɓa jin an ce mutum zai bi itatuwan Allah ɗaya bayan ɗaya da tukunya a baya ba. Ba na cewa ƙudan tsando abin kirki ne, ya kashe mini shanun noma har biyu. Amma a tambayi mutane mana me ke zaune a itacen.

Na ce, "Cikin gari fa?"

Ya ce, "Ba ma shiga gari. Ƙudan ba ya zama nesa da ruwa."

"Kafin ku fesa, wa ke zaɓen itacen?"

"Akwai masu wucewa gaba da fenti, suna shafa ja a jikin wanda za a yi."

Na ce, "To daga yau kai mai fenti ne. Yadda za ka yi da helumanka kai ka sani. Ka kashe mini, za ka nemo mini. Duk tsamiyar da ka zo wa, ka ɗaga wannan kan naka da ba komai a ciki ka duba. In ka ga abu kamar jakar fata manne a jiki, kada ka taɓa, kada ka gyara, kada ka taimaka masa da komai. Ka zo ka gaya mini."

Ya ce to.

Ina da ragowar gidajen bara a rumbu waɗanda ban dafa ba. Na aika wa 'Yar'azumi na ce rabin bashi koyarwa ce, ta zo ta karɓi rabinta. Ta zo, ina jin don kunyar abin da ta gani ne. Na nuna mata yadda ake tsaga gidan a kakkaɓe ɓawon ciki, yadda ake tace toka, yadda ake gane ya dahu in ya saki jiki a tsinke. Gashin tsutsar ya hau mata hannu, ta yi ta susa tana tsine wa ranar da kakarta ta bar gabas. Mazari kuwa ta jefar da shi ya fi a ƙirga. Amma hannunta na Ya Mairam ne, na gani tun ranar da zaren ya fara tafiya bai tsinke ba. Ban gaya mata ba, kada kanta ya kumbura.

Aka yanke shinkafa, fadama ta fara tsagewa, masu feshi suka fita. Duk wanda ya zo daga ƙauyukan kogi sai in tambaye shi, sai ya ce an yi nasu. Abinci ya daina shiga mini. Sa'idu in ya zo hutu ba ya iya haɗa ido da ni, sai ya cika randa ya fice, ko amaryar ma ya daina kira na.

Ran nan da azahar sai ga shi a guje, fenti har goshi.

"Kaka, na gani! Kusa da Miga, bayan wata ruga. Jakunkuna, kamar yadda kika ce. Ban taɓa ba, na rantse ban taɓa ba."

"Ka shafa wa itacen ja?"

Ya sunkuyar da kai. "Heluma na tsaye a kaina. Amma masu tukunya suna baya, sai bayan kasuwar Miga za su iso."

Na aika aka karɓo mini jakin Ari maƙwabcina. Ba aro ba ne, ni na yi wa matarsa wankan jego. Na biya gidan 'Yar'azumi na ce ta ɗauko mayafi.

Ta ce, "Haba Kaka, har Miga? Ki je ki kawo mana, ai ina nan."

Na ce, "In na mutu a hanyar dawowa fa? In tashi gaban Allah da tsutsar kakarki a wuya? Inda na same shi nan zan sa miki a hannu."

Mijin yana jin an ambaci mutuwa ya ce ta tafi.

Muka kwana a hanya, muka isa da hantsi. Sa'idu ya nuna mana itacen daga nesa, ga jan fenti a jikinsa kamar an yanka shi. Na matsa kusa na ɗaga kai. Babu komai. Sai tabon inda aka yanke.

Na ce, "Sa'idu, ina jakunkunan?"

Ya zagaya itacen, ya sake zagayawa. Ya ce, "Wallahi suna nan shekaranjiya!"

Sai muka ji an ce, "Baƙi, me ake nema a itacena?"

Wata Bafilatana ce, tsohuwa kamata, siririya, da 'yarta budurwa a bayanta ɗauke da ƙwarya. Ta ce sunanta Aisa. Muka gaisa, na tambayi shanu, ta tambayi hanya. Na ce gidan tsutsa muke nema. Ta nuna bayan bukka da haɓa. Na leƙa, sai da na yi salati da ƙarfi. Ga su nan a baje a kan kara, cikin tsakiyar rana, an tsaga cikin kowanne.

Na ce, "Baiwar Allah, me kika yi haka?"

Ta ce, "Na ga an shafa wa itacen jini, aka ce masu dafi na tafe. Na ce kafin su ɓata mini, in yanke in kai kasuwa. Fatake na saye."

"Duka kika yanke?"

"Wanda hannu ya kai."

Na koma gindin itacen na ce wa Sa'idu ya hau. Ya cire takalmi ya haye, ya ɓace a cikin ganye. Can sai ya yi kira, "Akwai ɗaya! A cikin rassa, babba!"

Aisa ta ce, "Ɗan nan, sauko tukuna. Ba a yi ciniki ba."

Na dube ta, ta dube ni. Nan na san na gamu da daidai ni.

Na ce, "Jibi za a feshe shi ya mutu a banza. Sadaka ma ai kin ba ni."

Ta ce, "Wanda ya hau jaki daga Haɗeja saboda abu, abin ba na banza ba ne."

"Faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Shekara da shekaru ina sayar wa fatake wannan abu kamar ina sayar da kara. Rannan na ga zarensa a kasuwa, na tambaya, na kusa faɗuwa. Na dafa shi da ruwa ya ƙi, na dafa da kanwa ya narke. Ku mutanen birni kun ɓoye yadda ake yi. Ga Ramatu." Ta jawo 'yar gaba. "A koya mata, tun daga toka har mazari. In kuma tsutsar ta yi 'ya'ya a wajenku, a dawo mata da iri, tunda namu za a kashe. Shi ke nan kuɗinsa."

Kalmar Ya Mairam ce sak, daga bakin matar da ba ta taɓa ganin ta ba. Na zo sauke kaya, ana miƙo mini wani. Ni da haƙorana suka ƙare, yaushe zan ga iri ya yi 'ya'ya har ya isa rabawa? In na amsa, na sauke na matacciya na ɗauki na rayayya, in mutu da shi. In na ƙi, in koma hannu wayam.

Na murza carbina. Sannan na ce, "Aisa, a gyara magana tun da rana. Wa za ki bi wannan bashi?"

Ta ce, "Wadda ta tafi da irin mana."

"Wadda irin ya bar rugar nan a hannunta?"

"Ita."

"Ramatu kin ji? Sa'idu, kana ji daga sama?"

Suka ce sun ji.

Na ce ya yanko a hankali, haɗe da ɓawon itacen. Ya sauko da shi a cikin hularsa, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Na karɓa. Nauyi, sanyi, ba huda ko ɗaya. Na kai kunne na ɗan girgiza, na ji su a ciki, dam.

Na ce, "'Yar'azumi, riƙe mini nan in gyara zanena."

Ta miƙo hannu biyu ta karɓa.

Ban taɓa zanen ba. Na ja da baya, na ɗaga murya yadda har shanu suka waiwayo. "Ku shaida! Na koya mata, na sa mata iri mai rai a hannu. Ya Mairam, na fita. Allah ya kai haske kabarinki, ni da ke babu sauran komai."

Sannan na juya na ce, "Aisa, ga mai kayanki nan. Sunanta 'Yar'azumi, matar tela, bakin kasuwar Haɗeja, kowa ya san gidan."

Yarinyar ta dube ni, ta dubi abin da ke hannunta, ta dubi Ramatu. Idonta kamar zai faɗo.

"Kaka! Kaka, me kika yi mini? Zane fa kika ce!"

Aisa ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Kai, tsohuwar nan! Allah ya kiyaye ni da cinikin nono da ke."

'Yar'azumi ta ce, "Wallahi ban yarda ba. Ni ban ce ina so ba. In na ajiye fa?"

Na ce, "Ajiye. Naki ne, ba ruwana. Aisa ta tsaga shi ta shanya tare da 'yan'uwansa. Sai dai ki sani a hannunki abin ya ƙare, ba a nawa ba."

Ta sunkuya kamar za ta dire shi a ƙasa. Na kau da kai, don in na kalla zuciyata za ta tsinke. Sa'idu ya ce, "Don Allah, Yaya," a hankali. Ina jin kukan maraƙi a bayan bukka.

Da na waiwayo tana nan a sunkuye, ba ta ajiye ba. Ta kai shi kunne yadda ta ga na yi.

Ta ce, "Rana na kashe su?"

Na ce, "Tana kashewa."

"Tsamiyar bayan gidanmu, ta wajen rijiya, za ta yi?"

"Ki rataya ta gefen da inuwa ke daɗewa."

Ta ja tsaki mai tsawo. Ta cire mayafinta, sabo, na kanti, ta naɗe abin a ciki, ta gyara goyonta ta rungume shi a gaba. Sannan ta dubi Ramatu rai a ɓace.

"Ke, in za ki zo ki zo bayan salla, kafin nan ina da aiki. Kuma ki taho da tokarki da itacenki. Koyarwa aka ce, ba a ce da toka ba."